Bindigar da maƙeri ke iya gyarawa

A ƙauyukan Kebbe da Tambuwal har yanzu akan tarar da tsohuwar bindigar toka a jingine a ƙuryar ɗaki, ƙotarta ɗaure da fata, bakinta ya yi tsatsa. Idan aka tambaya sai a ce ta kaka ce. Sau da yawa ba abin da ya rage na kakan sai bututun, domin maƙeri ya sauya kunama, masassaƙi ya sake ƙota. Wannan sauƙin gyara shi ya sa ta daɗe a ƙasarmu.

Bindiga baƙuwa ce, sunanta ma daga Larabci muka aro shi. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, kwari da baka ne ƙarfin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari a Konya, kuma a cikin dubban mayaƙa bindigogin da ya ambata wajen 40 ne kawai. Sai a ƙarshen ƙarnin ne sarakuna kamar na Kano da Zazzau suka tara rundunonin bayi masu harbi, waɗanda ake kira 'yan bindiga.

Yawancin bindigogin nan ta baki ake ɗura musu albarushi, a danna, a sa dalma ko guntun ƙarfe. Kayan cikinsu kaɗan ne, kuma duk ana ganinsu da ido. Maƙerin da ke ƙera garma da lauje, da zugazuginsa da uwar maƙera, yana iya duba abin da ya karye ya ƙera madadinsa.

Libarba kuwa wata aba ce daban. Samuel Colt ya yi rajistar tasa a Amurka a 1836, sojan Ingila kuma suka karɓi samfurin Webley a 1887. Tana da tulu mai juyawa da ke ɗaukar harsashi shida, kuma dole kowane rami ya tsaya daidai saitin bututu kafin a harba. In aka sami kuskure ɗan ƙanƙani, hannun mai ita ne zai ji a jika. Harsashinta ma daga masana'anta yake zuwa. Wato in babu Turai, babu ita.

Turawa sun san haka. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 sun hana sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, suka bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sakamakon ya fito fili ranar 15 ga Maris, 1903, a filin Giginya da ke Sakkwato, inda dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka fuskanci bindigar Maxim mai ruwan harsashi da igwa. A watan Yuli na shekarar aka kashe Attahiru a Burmi.

Bayan nan bindigar toka ta koma hannun mafarauta da masu gadin gona, da 'yan bindigar fada masu ɓarin albarushi ranar hawan Sallah. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta riƙe bambancin: bindigar da ake ɗurawa ta baki tana buƙatar lasisin 'yan sanda, libarba kuwa tana cikin jerin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Gyaran bindiga ma sai da izini. Don haka wanda ya tsinci libarba a akwatin gado, hukuma zai nufa da ita, ba maƙera ba.

Yau in ka ce 'yan bindiga a Kebbe, ba wanda zai tuna hawan Sallah. Masu kora shanu da satar mutane ake nufi, riƙe da AK-47. Manomin da ya kai bindigar kakansa maƙera don tsare gida yana tsaye ne inda mutanen Attahiru suka tsaya: makaminsa na gida, na abokin gaba daga waje. Maƙeri zai iya goge tsatsa ya gyara kunama, amma cike wannan tazara aikin gwamnati ne.