Alabukun: Garin Maganin da Ya Haifi Lauya

Duk wanda a cikinmu ya taɓa bin hanyar Ikko daga Nima ko Madina ya san 'yar takardar nan ta Alabukun, garin da ake kaɗawa a ruwa a sha saboda ciwon kai ko zazzaɓi. Amma kaɗan ne suka san mai ita, balle abin da ya zama na 'ya'yansa.

Sunansa Jacob Odulate, Bayarabe, haifaffen Ikorodu a 1884. Tun yana saurayi ya bar gida ya nufi Abeokuta, ya koyi harhaɗa magunguna, kuma a 1918, shekarar da annobar mura ta ratsa gaɓar tekun nan har Ankara, ya fito da garinsa. Alabukun a Yarabanci yana nufin mai albarka. Abin da ke ciki ba asiri ba ne: asfirin ne da kafeyin, shi ya sa mai gyambon ciki ba ya shan sa, kuma ba a bai wa yara, ko da kaka ta rantse da shi. Hikimarsa tana wajen awo da ƙulli. Kowace takarda awonta ɗaya, sunanta ɗaya, farashinta bai fi ƙarfin ɗan dako ba. Irin hajar da 'yan kasuwar Yarabawa ke ɗauka ke nan, waɗanda muka yi maƙwabtaka da su a Lagos Town kafin dokar Busia ta 1969 ta kori da yawansu.

Ya yi arziki, sai ya zuba shi a karatun 'ya'yansa, har da mata, a zamanin da ba kowa ke yin haka ba. 'Yarsa Folake, wadda aka haifa a 1932, ta tafi Ingila ta karanta Latin da lissafi, ta yi koyarwa, sannan ta koma ga shari'a. Mahaifin ya rasu a 1962, bai ga ranar da ta zo a 1981 ba, lokacin da Folake Solanke ta zama mace ta farko da ta sami muƙamin babbar lauya ta SAN a Nijeriya. Kuɗin ciwon kan talakawa ne ya ɗinka wannan rigar.

Nan ne abin yake taɓa mu. Zangunanmu ba su taɓa rasa masu magani ba. Kakanninmu sun sauko daga arewa da sanin saiwa da sassaƙe, wasu sun gina gidaje da shi a Nima da Maamobi. Sai dai sanin yana cikin kai, ba a rubuta ba, ba a auna ba, ba a raɗa masa sunan da zai wuce na mai shi ba. Ranar da aka kai tsoho makwancinsa, magada kan raba ɗakuna, a share ƙullin magungunan a zubar, domin babu wanda ya san wanne ne na basir, wanne ne na shawara.