Guduma da Mazubi: Tarihin Gyaran Jikin Tsofaffin Motoci

Duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar raya wata tsohuwar mota, daga cikin irin waɗanda aka daina ƙerawa tun zamanin iyaye, yakan tarar cewa injin, duk da ɗimbin ƙananan ƙarafan da ke cikinsa, shi ne mai sauƙin sha'ani, domin kowane ƙarfe nasa yana da awo sananne, wanda gwanin tona zai iya fitar da irinsa. Amma ƙofa, da murfin inji, da ɓangaren da ke lulluɓe taya, idan tsatsa ta ci su, to, magana ta yi tsawo. Dalilin haka kuwa yana cikin tarihin yadda ƙirar jikin mota ta fita daga hannun maƙeri ta koma cikin inji, sa'an nan larura ta komo da ita hannun maƙerin bayan an kusa mantawa da shi.

A farkon al'amari, watau ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sau da yawa mai ƙera mota inji da shasi kawai yake sayarwa, sai mai saye ya kai wa masu ƙera keken doki, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, su ɗaura ƙwarangwal na katako, su bugi fallen ƙarfe ko na goran ruwa da guduma har ya ɗauki siffar da ake so, su kafa shi da ƙusa. Wannan al'ada ta daɗe a gidajen masu hali, har ma kamfanin Rolls-Royce na Ingila bai soma sayar da mota da jikinta cikakke ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani lotsawar ƙofa ba musiba ba ce, tun da hannun da ya buga ta yana nan da ransa.

Mutumin da ya sauya wannan hali shi ne Edward Budd na birnin Filadelfiya a Amurka, wanda ya kafa kamfaninsa a 1912 bisa ra'ayin cewa a yi jikin mota da ƙarfe zalla, a sa falle tsakanin mazubai biyu masu nauyin gaske, na sama da na ƙasa, injin matsa ƙarfe ya danne su, ƙofa ta fito cikin ƙiftawar ido, ta dubu daidai da ta farko. 'Yan'uwan nan biyu masu motar Dodge suka karɓi hikimar tun 1914. André Citroën ya kai ta Faransa a 1924. A 1926 kuma aka kafa kamfanin Pressed Steel a Cowley kusa da Oksfod, da hannun Budd da William Morris, mai ƙera motoci, a ciki. Fa'idar ba ta ɓuya ga kowa ba, domin tana cikin abubuwan da suka sa talaka ya iya mallakar mota. Sai dai ilmin siffar ya ƙaura daga ƙirjin mutum ya shiga mazubi, mazubi kuwa kaya ne mai tsada da cin wuri, wanda galibi ake narkarwa da zarar an daina yayin motar. Daɗin daɗawa, tun daga irin motar Traction Avant ta 1934 aka shiga yawaita haɗe jiki da shasi su zama abu guda, ta yadda tsatsar da a da muni kawai take jawowa, yanzu ƙashin bayan motar take ci.

Ita kuwa tsatsa ta sami mataimaki a ƙasashen sanyi, inda hukuma ke watsa gishiri a hanya lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya maƙale a lungunan ƙarƙashin mota yana cin ta daga ciki, fenti na sheƙi a waje. Shafe ƙarfe da tutiya, wanda shi ne maganin, bai yaɗu da wuri ba: Porsche ta fara yi wa dukan jikin 911 haka a tsakiyar shekarun 1970, wasu da yawa sai bayan nan. Saboda haka motocin da aka fi ƙauna a yau, na 1950 zuwa 1975, su ne mafi rauni. Masu neman kayansu sukan bi ɗaya daga hanyoyi kaɗan: ko su dace da ragowar sabon kaya da ya kwana a sito na wani tsohon dillali, ko su aika busassun jihohi irin su Arizona, inda rana ke ƙone fenti da kujeru amma ta bar ƙarfe lafiya, a yanko musu abin da suke buƙata daga mushen wata motar.

Akwai wata ƙissa da ta cancanci a tsaya a kanta. Motar MGB, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a garin Abingdon tsakanin 1962 da 1980, tana cikin masu saurin ruɓewa. Amma Allah da ikonSa, mazubanta da yawa ba a narkar ba, an dai yasar da su. Wani ma'aikaci mai suna David Bishop ya bi sawunsu ya tattaro, har a 1988 kamfanin British Motor Heritage ya fitar da sabon jikin MGB sukutum, wanda aka danna da mazuban asali, sai mai ruɓaɓɓiyar mota ya kwashe injinsa da sauran kayansa ya mayar ciki.

Inda babu mazubi, dole a koma ga hannu. Gwanin yakan fara sassaƙa siffar da katako, ya ɗora falle a kan buhun fata mai cike da yashi ya yi ta bugu har ya yi ciki, sa'an nan ya ratsa shi tsakanin gare-gare biyu na wata na'ura da ake danganta ta ga Ingila, yana turawa yana jawowa, har tabon guduma ya ɓace. Kuma asirin duka shi ne sanin inda za a miƙar da ƙarfe da inda za a tsuke shi, abin da ba a samunsa sai da shekaru a gaban malami. Magabata da narkakkiyar dalma suke cike gaɓoɓi. Da fila ta bayyana a shekarun 1950 sai ta zama rahama ga mai gaskiya, ta zama mafaka ga ma'abucin algus, wanda ke cusa ta cikin rami ya bi da samfefa da fenti, shi ya sa masu saye ke yawo da maganaɗisu a aljihu, tun da ba ya kama fila. Motocin da tun asali da hannu aka buge su, irin su Ferrari 250 GTO na gidan Scaglietti a Modena, su ne mafi wuya, domin ƙofar wannan ba lalle ta shiga waccan ba.

A nan ne ma'abuta wannan fanni suka yi saɓani. Wata mazhaba tana ganin a ceci kowane taƙi na ƙarfen asali ko da faci zai yi yawa, hujjarsu ita ce darajar motar tana cikin isnadinta. Ɗaya kuwa tana ganin lambar shasi da takardu sun wadatar. Ni dai na fi karkata ga ta farko, muddin facin bai zama haɗari ga rai ba.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, alhali an daina irin ta fasinja a Faransa tun 1983. Iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, ba a kuma watsa mana gishiri a hanya. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano akwai masu bugun jikin mota da 'yan walda waɗanda, da guduma da wutar gas kaɗai, suke miƙar da abin da Bature zai jefar. Sai dai maƙasudinsu shi ne mota ta koma hanya ta nemo abinci, ranar da ta kasa kuwa 'yan gwangwan ne ke tayawa, su sare ta da gatari, su auna ƙofa da murfi a kan sikeli, a loda zuwa masana'antun da ke narkar da su a yi rodin gini.