Taƙaitaccen Tarihin Jami'ar Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Biyana

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan Jami'ar Kiɗa da Wasan Kwaikwayo da ke Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. Za mu duba yadda ta faro, da halin da ta shiga duk lokacin da mulki ya canza hannu, sannan mu kawo fannonin da ake koyarwa a cikinta.

Asali da bunƙasa

Ba hukuma ce ta kafa makarantar ba. A shekarar 1812 wasu mutanen gari suka haɗu suka kafa Ƙungiyar Masoya Kiɗa ta Biyana. A 1817 ƙungiyar ta buɗe ajin koyon waƙa a ƙarƙashin Antonio Salieri, wani Ba'italiye wanda shi ne shugaban makaɗan fadar sarki. Bayan shekara biyu aka ƙara ajin gogen Turawa, aka ɗauki Joseph Böhm ya koyar.

Da yake da kuɗin ƙungiya da gudummawar masu hali ake tafiyar da ita, makarantar ta sha fama da rashin kuɗi. Juyin juya halin 1848 ya sa aka rufe ta, ba a koma karatu ba sai a 1851. Daga nan ne ta samu gindin zama. Anton Bruckner ya fara koyar da ƙa'idojin kiɗa a 1868, shi kuwa Gustav Mahler ya yi karatu a nan daga 1875 zuwa 1878. Fritz Kreisler, wanda daga baya ya shahara da goge, yana ɗan shekara bakwai aka ɗauke shi.

A hannun hukuma

A 1909 gwamnatin daular ta karɓi makarantar. Wannan ya rage matsalar kuɗi, amma kuma ya ɗaura makomarta a kan ta masu mulki. An ga illar hakan a 1938, lokacin da Jamus ta Hitila ta haɗiye Ostiriya. Nan da nan aka kori malamai da ɗalibai Yahudawa, da waɗanda ake zargi da adawa da 'yan Nazi. Wasu sun tsere zuwa Ingila da Amurka, wasu kuwa an hallaka su a sansanonin kisa. Max Reinhardt, wanda ya kafa ajin horar da 'yan wasan kwaikwayo a ƙarshen shekarun 1920, Bayahude ne. A gudun hijira ya rasu, a birnin New York, a 1943. Har yau sunansa sashen yake ɗauke da shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu makarantar ta farfaɗo. Ajin Hans Swarowsky ya yaye manyan jagororin makaɗa, irin su Claudio Abbado ɗan Italiya da Zubin Mehta ɗan Indiya. A 1970 aka ɗaga ta zuwa babbar makaranta, a 1998 kuma ta zama cikakkiyar jami'a. A 2015 aka naɗa Ulrike Sych shugaba, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami.

Fannonin karatu

Jami'ar tana da ɗalibai kimanin 3,000 daga ƙasashe wajen 70. Kafin a ɗauki mutum sai ya ci jarrabawar shiga, inda zai gwada abin da ya iya a gaban malamai. Akwai sassan koyon fiyano, da kayan busa, da masu tsirkiya, da waƙa, da ƙirƙirar kiɗa, da jagorancin makaɗa. Akwai kuma horar da malaman kiɗa na makarantu, da injiniyoyin sauti. Ban da sashen wasan kwaikwayo, akwai na fim, inda Michael Haneke ya koyar da ba da umarni.

Fanni biyu sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. Na farko shi ne jinya ta hanyar kiɗa, wadda aka fara koyarwa a 1959, ana amfani da sauti wajen taimakon masu taɓin hankali da yara masu buƙata ta musamman. Na biyu shi ne nazarin kiɗan gargajiya, wanda aka kafa wa cibiya a 1965. Masana a nan kan ɗauki waƙoƙin manoman karkara, da na ƙananan ƙabilu irin su Roma, da na baƙi 'yan ci-rani, wato mutanen da a da ba a ɗauki kiɗansu abin nazari ba.

Kammalawa

Tun 2016 akwai wata cibiya a jami'ar mai suna Exilarte. Aikinta shi ne tattaro takardu da kiɗan makaɗan da 'yan Nazi suka kora ko suka kashe, sau da yawa daga hannun magadansu a ƙasashen waje. Ana adana su, ana buga su, ana kuma shirya taruka inda ake kaɗa su a gaban jama'a, a birnin da aka kori masu su.