Gandu da Daji: Makarantun Abinci na Kakanninmu

Tun kafin malaman gona su shigo ƙauyukan ƙasar Hausa, manomi yana da makarantu biyu waɗanda ba su da allo balle takarda, wato gandu da daji. A wannan maƙala za mu waiwayi yadda ilminsu ya riƙa sauka daga manya zuwa yara, da abin da ya raunana shi.

A gandu, yaro kan tashi ne a bayan mahaifinsa. Da hauya a hannu yake koyon bambancin jigawa da fadama, da lokacin binne, da noman firi da maimai. Nan yake gane dalilin haɗa gero da wake a gona guda, da dalilin da ya sa ba a sare gawo: ganyensa na zuba da damina, ga taki, kuma ba ya yi wa shuka inuwa. Idan ya tasa sai a yanka masa gayauna ya gwada abin da ya koya.

Daji kuwa makarantar mata ce, musamman a ƙauyukan Maguzawa inda babu kulle, mata na noma da kansu. Tsohuwa kan fita da jikokinta tsinkar tafasa da yaɗiya da lalo, tana nuna musu lokacin nunar ɗinya da kanya da aduwa. Darasi mafi nauyi shi ne na anza, wadda ɗacinta da dafinta ba sa fita sai an jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa.

Yunwa ce jarrabawar wannan ilmi. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, rumbuna sun ƙare, jama'a suka koma ga anza da ƙwayar ƙarangiya, har da tonon gidan tururuwa don neman hatsi. An sake komawa ga daji a farin 1972 zuwa 1974, haka kuma a Nijar a 2005. Wanda bai koyi jiƙa anza a shekarar ƙoshi ba, ba ranar yunwa zai koya ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Raunin waɗannan makarantu ya zo ne sannu a hankali. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe kasuwar gyaɗa, haraji kuma ya zama na kuɗi, sai samari suka ƙara ƙaimi wajen cin rani. Littafin Polly Hill na 1972 kan Batagarawa ya nuna cewa gandu ba kasafai yake ɗorewa bayan rasuwar uba ba. Daga baya arzikin man fetur ya ja matasa birni, gonaki kuma suka cinye dajin da ake tsinka a ciki.

Daga ƙarshe, ya kamata mu lura cewa tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirranmu a littafi. Amma takarda suna kawai ta adana, hannun da ya san aikin yana ƙauye. Mu ɗaliban Hausa, idan mun je hutu gida, mu zauna da tsofaffinmu, mu tambaya, mu rubuta, sa'annan mu bi su daji mu gani da idonmu.