Tarihin Faifan DDD: Kiɗan Dijital Zalla a Farkon Zamanin CD

Faifan DDD shi ne faifan CD wanda aka ɗauki kiɗan da ke cikinsa da na'urar dijital, aka juye shi a kan na'urar dijital bayan an haɗa sauti, sannan aka shirya uwar faifan da dijital. Haruffan uku sun fara bayyana a bangon faifai a 1984, amma aikin da suke wa laƙabi ya girme su da fiye da shekara goma. Wannan ratar ce ta jawo saɓani kan wanda ya riga kowa. Wani zai ce Billy Joel, wani ya ce ABBA, wani Dire Straits, masu sauraron kiɗan gargajiyar Turai kuma su ce Herbert von Karajan. Tambayoyi uku ne aka cakuɗa wuri guda: wa ya fara ɗaukar kiɗa da dijital, wane faifan CD aka fara bugawa, kuma wane faifai ne ya fara haɗa biyun. Wannan maƙala ta ware su ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar haruffan

Ƙungiyar masu situdiyon ɗaukar sauti ta Amurka, SPARS, ita ta fito da alamar. Harafin A na nufin analog, tsohon tsarin da sauti ke kwanciya a kan zaren maganaɗiso da kamanninsa. Harafin D na nufin dijital, inda ake auna sautin a mayar da shi lambobi. Harafin farko yana faɗin na'urar ɗauka, na biyu na'urar da aka juye haɗaɗɗen sauti a kanta, na uku uwar faifai. Tun da CD kansa dijital ne, na ƙarshen kullum D ne, saboda haka abin da mai saye ya fi gani shi ne AAD da ADD da DDD. Duk wanda ya taɓa juya kaset daga wani kaset ya san cutar da ake gudu: kowane juyi yana ƙara huci, yana dusashe kaifin sauti. Lambobi kuwa, ko an juye su sau goma, yadda suke haka za su fito.

Japan, 1967 zuwa 1977

Dabarar mayar da sauti lambobi, wadda ake kira PCM, injiniyan Birtaniya Alec Reeves ne ya ƙirƙiro ta a 1937 saboda wayar tarho. Sai da ta shekara talatin kafin ta iso ga makaɗa. A 1967 sashen bincike na gidan rediyo da talabijin na Japan, NHK, ya haɗa na'urar PCM mai layin sauti ɗaya, a 1969 kuma ya yi mai layi biyu. A kan zaren bidiyo suke ajiye lambobin, domin zaren sauti na wancan lokaci ba zai iya ɗaukar yawansu ba.

Kamfanin Nippon Columbia, mai alamar Denon, shi ya fitar da abin daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa. Da na'urar NHK ya ɗauki mabushin jaz ɗan Amurka Steve Marcus, faifan mai suna Something ya fito a Janairun 1971. Daga nan Denon ya ƙera tasa na'urar, DN-023R, mai layi takwas, tana auna sauti sau 47,250 a sakan ɗaya da bit 13, tana ajiyewa a kan zaren bidiyo mai faɗin inci biyu. A Afrilun 1972, a Tokyo, aka ɗauki makaɗan Smetana Quartet na ƙasar Cekoslobakiya da ita, suna kaɗa ayyukan Mozart guda biyu, faifan ya fito a watan Oktoba na shekarar.

Masu kawo 1971 suna da hujja, amma 1972 ta fi cancantar a kira ta mafari. Na'urar 1971 ta aro ce, ta gwaji. Ta 1972 don sana'ar aka ƙera ta, kuma daga kanta aikin bai yanke ba. Denon ya kai na'urorinsa Turai a 1974, ya kai su New York a Nuwamban 1977 inda ya ɗauki mabushi Archie Shepp. Kafin CD ya fito, kamfanin ya tara ɗaruruwan ayyuka na dijital a rumbunsa. Dukkansu a faifan garmaho suka fara fita, wato a matakin ƙarshe sai lambobin su koma analog, allura ta bi tsagi kamar yadda aka saba. An riga an sami hatsin, rumbun da zai dace da shi ne ba a gina ba tukuna.

Amurka da Turai, 1976 zuwa 1979

A Amurka, Thomas Stockham na Jami'ar Utah ya kafa kamfanin Soundstream a birnin Salt Lake City a 1975.  A 1976 ya gwada na'urarsa a wasan opera na Santa Fe, inda aka ɗauki The Mother of Us All na Virgil Thomson. Bayan ya ɗaga awon zuwa sau 50,000 a sakan da bit 16, wani ƙaramin kamfanin faifai na Cleveland mai suna Telarc ya yi hayar na'urar a Afrilun 1978, ya ɗauki Frederick Fennell yana jagorantar mabusan Cleveland Symphonic Winds. Amon babban gangar da ke cikin kiɗan Gustav Holst a wannan faifai shi ya jawo hankalin masu tsadaddun lasifikoki. Telarc ya biyo baya da 1812 Overture na Tchaikovsky, Erich Kunzel yana jagorantar makaɗan Cincinnati, aka harba igwa ta gaske aka ɗauki ƙararta. Ƙarfin ƙarar yakan fitar da allurar garmaho daga tsagi, abin da ya nuna cewa ɗaukar ta fi ƙarfin faifan da aka zuba ta a kai.

Soundstream ya bambanta da saura wajen tacewa. Zaren analog da reza ake yanka shi a liƙa. Stockham kuwa yakan juye lambobin cikin kwamfuta a Salt Lake City ya yi yanka da haɗi a can, shekaru da dama kafin hakan ya zama ruwan dare.

Kamfanin 3M ya ƙera na'ura mai layi 32 saboda masu waƙoƙin zamani, waɗanda ke ɗaukar kowane kayan kiɗa a layinsa daban. An gwada samfurinta a situdiyon Sound 80 da ke Minneapolis a 1978, kuma faifan Appalachian Spring na Aaron Copland da makaɗan Saint Paul Chamber Orchestra suka yi a can ya ci lambar Grammy. A Yulin 1979 Warner Bros ya fitar da Bop Till You Drop na Ry Cooder, kundin waƙoƙin zamani na farko da babban kamfani ya ɗauka da dijital. A shekarar ce kuma Stevie Wonder ya fitar da Journey Through the Secret Life of Plants, shi ma da dijital. A Turai, Decca ya ƙera tasa na'urar, ya ɗauki bikin kiɗan sabuwar shekara na birnin Viyana ranar 1 ga Janairu 1979, Willi Boskovsky ne jagora.

Kowane kamfani da nasa tsarin, kuma zaren wannan ba ya karantuwa a na'urar wancan.

Asalin lambar 44,100

Sony ya bi hanya mafi araha. Ya ƙera akwatin da ke mayar da sauti lambobi ya shirya su tamkar hoton talabijin, sai a ajiye su a kaset ɗin bidiyo. PCM-1 ta 1977 da Betamax take aiki, PCM-1600 da PCM-1610 na ƙwararru kuma da kaset ɗin U-matic. Daga nan awon CD ya samo asali. A tsarin talabijin na Amurka da Japan, layin hoto 245 sau fili 60 na hoto a sakan sau awo uku a kowane layi ya ba da 44,100. A tsarin Turai, layi 294 sau 50 sau uku ya sake ba da 44,100. Lambar ta dace da tsarin biyu, kuma ta isa ta kama sauti har wajen hertz 22,000, sama kaɗan da iyakar kunnen ɗan Adam. Shekaru masu yawa, a kaset ɗin U-matic ake kai uwar faifai masana'antar buga CD.

Philips da Sony

Philips ya nuna samfurin faifansa a Eindhoven ta ƙasar Holan ranar 8 ga Maris 1979, mai faɗin santimita 11.5 da bit 14. Sony ya nace a kan bit 16, wanda ke ba da matakan awo 65,536. A 1980 kamfanonin biyu suka daidaita a kan ƙa'idar da ake kira Jan Littafi: santimita 12, bit 16, awo 44,100, kimanin minti 74. Labarin da ya bazu shi ne cewa Norio Ohga na Sony ya buƙaci faifan ya ɗauki simfoni ta tara ta Beethoven ba yankewa. Kees Immink, injiniyan Philips da ke cikin tattaunawar, ya nuna cewa gasar kasuwanci tsakanin kamfanonin biyu ta fi Beethoven tasiri a kan girman faifan. Maganar wanda aka yi abin a gabansa ta fi nauyi.

Masu da'awar zama na farko

An fara buga CD na sayarwa ranar 17 ga Agusta 1982 a masana'antar PolyGram da ke Langenhagen kusa da Hanover a Jamus. An fara sayarwa a Japan ranar 1 ga Oktoba 1982, tare da na'urar Sony CDP-101 mai farashin yen 168,000. Turai da Amurka suka samu a Maris 1983.

52nd Street na Billy Joel shi ne mai lamba ɗaya a jerin faifai hamsin da CBS/Sony ya fitar a Japan. Amma kundin na 1978 ne, da analog aka ɗauke shi, saboda haka ba ya cikin wannan lissafi.

The Visitors na ABBA, wanda ya fito a Nuwamban 1981, yana cikin faifan farko da aka buga a Langenhagen, kuma an yi aikinsa da na'urar 3M a situdiyon Polar da ke Stockholm. Sai dai an riga an ɗauki wasu waƙoƙinsa a zaren analog kafin sabuwar na'urar ta fara aiki, har injiniya Michael Tretow ya riƙa ratsa sauran ta analog don kada kunne ya ji bambanci. Da'awarsa tana da tabo.

Eine Alpensinfonie na Richard Strauss, wanda Karajan ya jagoranta da makaɗan Berlin Philharmonic a Disambar 1980 ga kamfanin Deutsche Grammophon, da dijital aka ɗauke shi, da shi aka yi bugun gwaji na CD a 1981, kuma yana cikin faifan farko da kamfanin ya sayar. Karajan da kansa ya zauna gaban 'yan jarida a Salzburg a Afrilun 1981 tare da Akio Morita na Sony don tallata sabon tsarin CD. In dai haɗa ɗaukar dijital da CD ake nufi, wannan ya fi kowa hujja, sai kuma Denon da ya shigo kasuwa da cikakken rumbu. Ba abin mamaki ba ne kiɗan gargajiyar Turai ya riga: ana iya ɗaukarsa kai tsaye a layi biyu, kuma wuraren da kiɗan ke yin ƙasa ƙwarai su ne hucin zare da ƙarar allura suka fi ɓatawa.

A waƙoƙin zamani, The Nightfly na Donald Fagen, na Oktoban 1982, wanda Roger Nichols ya ɗauka da na'urar 3M, ya zama faifan da injiniyoyi ke gwada lasifika da shi. Brothers in Arms na Dire Straits kuwa sai a Mayun 1985 ya fito, bayan an ɗauke shi a situdiyon AIR da ke tsibirin Montserrat da na'urar Sony mai layi 24. Ya yi nisa da zama na farko. Abin da ya kafa shi ne zama kundi na farko da aka sayar da CD ɗinsa miliyan ɗaya. Wasu waƙoƙinsa sun fi tsawo a CD bisa yadda suke a garmaho, kuma Philips ne ya ɗauki nauyin rangadin ƙungiyar. Ta hanyarsa mutane da yawa suka fara lura da haruffan DDD, shi ya sa ake ɗora masa rawanin da ba nasa ba.

Abin da haruffan suka ɓoye

Alamar SPARS na'urorin ajiya kaɗai take faɗi, ta yi shiru a kan teburin haɗa sauti. A farkon shekarun 1980 kusan duk teburan nan na analog ne. Sauti zai fito daga zaren dijital ya koma analog, ya ratsa tebur, a sake mayar da shi lambobi, a kuma rubuta DDD a bango ba tare da an karya doka ba. Brothers in Arms ma haka aka haɗa shi. Teburan dijital irin na kamfanin Neve sai tsakiyar shekarun suka fara shiga situdiyo, su ma ƙalilan. Ga kuma masu saye da suka ɗauki DDD tamkar shaidar inganci, alhali wasu faifan AAD sun fi su daɗin ji. Waɗannan dalilai suka sa SPARS ta janye goyon bayanta ga alamar a 1991, ta dawo da shi a 1995.

Misalin da ya fi fito da zancen shi ne na makaɗin piyano ɗan Kanada Glenn Gould. A 1981 ya sake ɗaukar Goldberg Variations na Bach a New York da dijital, injiniyoyi kuma suka bar zaren analog yana juyawa a gefe saboda tsaro. Na dijital aka fitar a 1982, shekarar da Gould ya rasu. Da Sony ya tashi sake fitar da aikin a 2002, zaren analog ɗin nan ya ɗauko, domin na'urorin mayar da sauti lambobi na 1981 ba su kai shi laushin sauti ba.

Daga baya

A 1988 cinikin CD ya wuce na garmaho a Amurka, ɗaukar dijital ta zama abin yau da kullum, haruffan suka riƙa ɓacewa daga bangon faifai. Matsalar da ta rage ta ajiya ce. Ayyukan Soundstream da na 3M a awon 50,000 suke, dole aka sauya su zuwa 44,100 kafin su hau CD, kuma zarurrukan asali ba sa karantuwa sai da na'urorin da aka daina ƙerawa tuntuni, waɗanda kaɗan ne suka rage da rai.