Tsofaffin Gidajen Ƙasa na Ƙauyukan Kumasi

A shekarar 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, tun kafin Zango ya bunƙasa. Abin da ya saura na ginin Asante sai a ƙauyuka, kamar Besease kusa da Ejisu. Bahaushe da tubali da azara yake gini. Su kuwa Asante itace da gora suke kafawa, su yaɓe da laka, su yi zane a bango. Ɗakuna huɗu ke kewaye tsakar gida, ɗaya na tsafi. A 1980 UNESCO ta sanya gidajen cikin kayan tarihin duniya. Sai dai ruwan sama da gara ba su san wannan daraja ba. Ginin ƙasa in aka daina yaɓe, zubewa yake yi.