BABI NA UKU: SHARAƊIN IYA TURANCI A TARIHIN ZAƁEN ƘASAR AMURKA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin wata muhawara da ta daɗe a siyasar Amurka, wato ko ya dace a sanya iya Turanci ya zama sharaɗi kafin a bar ɗan ƙasa ya jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin Amurka bai ambaci wani harshe a matsayin harshen hukuma ba, kuma tun farko ya bar wa jihohi ikon tsara sharuɗɗan wanda zai yi zaɓe. Wannan dama ce ta sa jihohi da yawa suka yi amfani da jarrabawar karatu da rubutu tsakanin shekarar 1855 da ta 1970. A nan za a duba lokutan da aka kafa sharaɗin, da mutanen da ya shafa, da hujjojin da aka kare shi da su, da kuma yadda aka kawar da shi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, sharaɗin ya fi bayyana a daidai lokacin da wata sabuwar al'umma ta fara yawa a rumfar zaɓe, kuma ya rushe ne bayan da aka gane cewa mutum zai iya fahimtar al'amuran ƙasarsa da wani harshe ba Turanci ba.

3.1 Asalin Sharaɗin

Jihar Konetikat ce ta fara kafa jarrabawar karatu ga masu zaɓe a shekarar 1855, sai jihar Masachusets ta biyo baya a 1857. Gyaran da Masachusets ta yi wa tsarin mulkinta ya tanadi cewa ba wanda zai yi zaɓe sai wanda ya iya karanta tsarin mulkin jihar da Turanci, ya kuma iya rubuta sunansa. An yi haka ne a lokacin da baƙi mabiya ɗarikar Katolika daga ƙasar Ailan suka yi ta kwarara zuwa waɗannan jihohi, sakamakon yunwar da ta auka wa ƙasarsu daga shekarar 1845. A lokacin kuwa jam'iyya mai ƙyamar baƙi da ake yi wa laƙabi da Know Nothing tana da ƙarfi ƙwarai a jihohin biyu.

Wani abin lura shi ne, dokar ta Masachusets ta ɗauke wa duk wanda ya riga ya sami 'yancin zaɓe wannan jarrabawa. Ke nan tsohon mazauni da bai iya karatu ba ya ci gaba da jefa ƙuri'arsa, amma sabon zuwa da ke da irin wannan matsala an hana shi. Da a ce fahimtar mai zaɓe kaɗai ake nema, da ba a bambanta tsakanin waɗannan mutane biyu ba. Jihar Kalifoniya ma ta kafa nata sharaɗin na karanta tsarin mulki da Turanci a shekarar 1894.

Ya kamata a bambanta wannan sharaɗi da wani mai kama da shi, wato na ba baƙo takardar zama ɗan ƙasa. A shekarar 1906 Majalisar Dokokin Tarayya ta wajabta wa mai neman zama ɗan ƙasa ya iya magana da Turanci, sannan a 1950 aka ƙara da karatu da rubutu. Wannan ya shafi baƙo ne mai neman shiga. Sharaɗin jihohi kuwa ya shafi har wanda aka haifa ɗan ƙasa.

3.2 Jihohin Kudu da Baƙar Fata

Ko da yake baƙar fatar Amurka Turanci ne harshensu, abin da ya same su yana da muhimmanci ga wannan nazari, domin a kansu ne aka fi ganin yadda jarrabawar take aiki. Gyara na 15 da aka yi wa tsarin mulkin tarayya a shekarar 1870 ya hana a tauye wa mutum 'yancin zaɓe saboda launin fatarsa. Sai jihohin kudu suka nemi wata hanyar da ba ta ambaci launi ba. Da yake a zamanin bauta da yawa daga cikin waɗannan jihohi sun haramta koya wa bayi karatu, jarrabawar karatu ta biya musu bukata.

Tsarin mulkin jihar Misisifi na 1890 ya nemi mai zaɓe ya karanta wani sashe nasa, ko kuma ya yi bayanin ma'anarsa idan an karanta masa. Jami'in rajista, wanda farar fata ne, shi ke yanke hukuncin wanda ya ci da wanda ya faɗi. Jihar Luwiziyana kuwa a 1898 ta ƙara da abin da ake kira sharaɗin kaka, wanda ya ɗauke jarrabawar ga duk wanda shi, ko mahaifinsa, ko kakansa ya cancanci zaɓe a farkon shekarar 1867, lokacin da baƙar fata ba su da wannan 'yanci a jihar. Baƙar fata masu rajista a Luwiziyana sun haura 130,000 a shekarar 1896, amma zuwa 1904 sun koma 1,342 kacal. Bugu da ƙari, wannan tsarin mulki ya yarda mutum ya cike takardar rajista da Turanci ko da harshen uwarsa, a jihar da ke da farar fata masu yawa masu jin Faransanci. Wannan ya nuna cewa inda masu mulki suke son ƙuri'ar mutum, rashin Turancinsa bai dame su ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta soke sharaɗin kaka a shari'ar Guinn ta 1915, amma ta bar jarrabawar kanta. Har a shekarar 1959, a shari'ar Lassiter da ta taso daga jihar Karolina ta Arewa, kotun ta ce jiha tana da ikon neman karatu da rubutu daga masu zaɓe muddin ba ta nuna bambanci wajen aiwatarwa ba.

3.3 Jihar Niyok da Mutanen Puwato Riko

Inda batun harshe ya fito fili shi ne jihar Niyok. A shekarar 1921 jihar ta gyara tsarin mulkinta, ta wajabta wa duk sabon mai zaɓe ya iya karatu da rubutu da Turanci. A wancan lokaci birnin Niyok cike yake da baƙi daga Italiya da Yahudawa daga gabashin Turai. A nan ma waɗanda suka riga suka cancanci zaɓe kafin 1922 ba a nemi su yi jarrabawa ba.

Daga baya sai nauyin dokar ya koma kan mutanen tsibirin Puwato Riko. Amurka ta karɓi wannan tsibiri daga hannun Sifaniya a 1898, kuma a 1917 ta mai da mutanensa 'yan ƙasa. Harshensu Sifaniyanci ne, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 da shi ake koyarwa a makarantun gwamnati na tsibirin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yawansu suka ƙaura zuwa birnin Niyok neman aiki, har yawansu a can ya haura 600,000 a shekarar 1960. Saboda haka sai aka sami ɗan ƙasa na haihuwa, wanda ya yi karatu a makarantar da ke ƙarƙashin tutar Amurka, yana karanta jarida da harshensa, yana biyan haraji, ana kuma iya ɗaukarsa aikin soja, amma ba shi da damar zaɓen magajin garin da yake zaune.

3.4 Dokar 1965 da Shari'ar Morgan

A ranar 6 ga Agusta, 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sanya hannu a kan Dokar 'Yancin Zaɓe, wadda ta dakatar da jarrabawar a yankunan da ƙasa da rabin waɗanda suka isa zaɓe ne suka yi rajista ko suka jefa ƙuri'a a 1964. Sanatocin Niyok biyu, Robert Kennedy da Jacob Javits, suka shigar da sashe na 4(e) a cikin dokar. Sashen ya ce ba za a hana mutum zaɓe saboda rashin Turanci ba, idan har ya gama aji shida a makarantar da ke ƙarƙashin tutar Amurka wadda ake koyarwa da wani harshe dabam.

Wasu miji da mata mazauna Niyok masu suna Morgan suka kai ƙara, suna cewa majalisa ta shiga hurumin jiha. Masu kare dokar Niyok sun kawo hujjoji biyu: cewa sharaɗin yana ƙarfafa wa mutane gwiwar koyon Turanci, kuma yana tabbatar da cewa mai zaɓe ya san abin da yake zaɓa. A shekarar 1966 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta tabbatar da sashen. Mai Shari'a William Brennan ya nuna cewa majalisa tana iya ganin iya Sifaniyanci ya wadatar ga mutumin da yake samun jaridu da shirye-shiryen rediyo da talabijin a wannan harshe. A shekarar 1970 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta bi irin wannan hanya a shari'ar Castro, inda ta hana a yi amfani da sharaɗin 1894 a kan waɗanda suka iya karatu da Sifaniyanci.

3.5 Daga Hani Zuwa Taimako

A shekarar 1970 majalisa ta dakatar da jarrabawar a dukkan faɗin ƙasar na tsawon shekara biyar. Jihar Arizona, wadda sharaɗinta na Turanci ya hana 'yan ƙabilar Nabaho da sauran Indiyawa 'yan asalin ƙasar da yawa yin zaɓe, ta ƙalubalanci matakin, amma dukkan alƙalan Kotun Ƙoli suka amince da shi. A 1975 aka mai da haramcin na dindindin.

Sai dai cire jarrabawa bai warware matsalar ba, tun da takardar ƙuri'a da sauran takardun zaɓe duk da Turanci suke. Don haka gyaran 1975, wanda Barbara Jordan, 'yar majalisa daga jihar Tekzas, ta taka rawa wajen samar da shi, ya kawo sashe na 203. Sashen ya wajabta wa hukumar zaɓe ta samar da takardu da masu taimako a wani harshe, a duk yankin da masu ƙarancin Turanci na al'umma ɗaya suka wuce kashi 5 cikin ɗari na 'yan ƙasar da suka isa zaɓe, kuma rashin karatu a cikinsu ya ɗara na ƙasa baki ɗaya. A 1992 aka ƙara da yankin da yawansu ya wuce 10,000. Al'ummomin da abin ya shafa su ne masu jin Sifaniyanci, da 'yan asalin nahiyar Asiya, da Indiyawan Amurka, da 'yan asalin Alaska. A 2006 aka tsawaita sashen zuwa shekarar 2032.

3.6 Ci Gaban Muhawarar

Wannan mataki bai gamsar da kowa ba. A shekarar 1984 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da wani ƙuduri da ke neman a mai da takardun zaɓe Turanci zalla, amma ƙudurin jiha ba ya soke dokar tarayya. Masu wannan ra'ayi suna cewa harshe ɗaya yana haɗa kan ƙasa, kuma fassara tana cin kuɗi. Babbar hujjarsu ita ce, tun da baƙo sai ya ci jarrabawar Turanci kafin ya zama ɗan ƙasa, babu dalilin fassara masa ƙuri'a.

Wannan hujja tana da rauni ta fuska uku. Na farko, mutanen Puwato Riko da Indiyawan Amurka 'yan ƙasa ne na haihuwa, ba su bi ta wannan ƙofa ba. Na biyu, dokar zama ɗan ƙasa da kanta ta ɗauke jarrabawar Turanci ga mai shekara 50 da ya yi shekara 20 da iznin zama, da mai shekara 55 da ya yi shekara 15. Na uku, Turancin da ake nema a jarrabawar mai sauƙi ne, alhali takardar ƙuri'a a jiha kamar Kalifoniya takan ƙunshi ƙudurorin haraji da na bashi cikin harshen lauyoyi. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, sai dai umarnin shugaban ƙasa ba ya shafe dokar da majalisa ta kafa.

3.7 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa manufar samun mai zaɓe mai sanin ya kamata manufa ce mai kyau, amma sharaɗin Turanci bai taɓa zama ma'auninta na gaskiya ba. A Masachusets da Niyok an yafe shi ga tsofaffin masu zaɓe, a Luwiziyana an yafe shi ga masu wani harshe, a Misisifi kuma an bar hukunci a hannun jami'in rajista. A kowane wuri, wanda aka hana shi ne wanda masu mulki suke tsoron ƙuri'arsa. Matsayin da dokar Amurka ta tsaya a kai tun 1975 shi ne, ana iya neman Turanci daga baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa, amma da zarar mutum ya zama ɗan ƙasa, ba a sake tambayar harshensa a rumfar zaɓe.